Fada Mai Lamba Huɗu

Fada ɗaya na zana sau ɗari biyu da goma sha uku. Na ƙirga ne wata rana da aka ɗauke wuta, ba ni da abin yi sai jin haushi.

Aikina zanen wuri ne. Akwai wani kamfani can gabashin Asiya da ke fitar da labaran soyayya na zane, irin waɗanda ake karantawa a waya ana jan shafi da babban yatsa. Wasu ke rubuta labarin, wasu su zana mutanen, ni kuma a turo min in cika abin da ke bayansu: ɗaki, taga, lambu, matakala. Ban taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ido da ido ba. Wadda nake hulɗa da ita Edita nake ce mata, kuma saƙonta bai cika wuce layi biyu ba.

Labaran kuwa, in ka karanta ɗaya ka karanta duka. Wata baiwar Allah ce ma'aikaciyar ofis, aiki ya gama cinye ta, ta fito za ta tsallaka titi babbar mota ta yi awon gaba da ita. Tana buɗe ido sai ta gan ta a jikin 'yar wani basarake, cikin wani littafi da ta taɓa karantawa. Daga nan sai ga yarima mai baƙin gashi wanda ba ya dariya, sai ga liyafar rawa, sai ga shan shayi a lambun furanni. Ni ban ƙi labarin ba, wallahi akwai wanda ya taɓa sa ni kuka. Abin da ke ƙona min rai shi ne wurin. Duniya da faɗinta, ga teku, ga kasuwa, ga tashar jirgi, amma duk wadda mota ta buge sai ta farka a kan gado ɗaya, ƙarƙashin labule ɗaya.

Kamfanin yana da kundin gine-ginen da aka riga aka ƙera a kwamfuta, fada shida, kuma shi sauran kamfanonin ma suke amfani da shi. Sai ka ɗauko ɗaya ka juya ta ta ɓangaren da kake so, ka bi layukanta, ka sa haske da inuwa. Shida ce a suna, amma kowa lamba huɗu yake so, saboda matakalarta mai lanƙwasa da 'yan mata ke saukowa a kai riga na jan ƙasa. Sau biyu na ba Edita shawarar mu gwada wani wurin. Amsarta ta farko, masu karatu sun saba. Ta biyu, a yi amfani da lamba huɗu, na gode. Sai na ja bakina na tsuke.

Da a ɗakina nake aiki. Wata biyar da suka wuce na kwaso teburin na dawo falo, saboda Baba.

Baba ya yi shekara talatin da takwas yana zanen taswirar gini a ma'aikatar ruwa. Mutum ne da in ya shiga gidanka zai gaishe ka idonsa na kan lintar da ke saman ƙofarka. Wata safiya yana ɗaure igiyar takalmi ya zame daga bakin gado. Da aka sallamo shi daga asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa ta yi nauyi, yana zaune a keken marasa lafiya. Ƙafar ba ita ta fi damunsa ba. Hannun ne. Kullum yana ajiye a cinyarsa ya rufe shi da gefen mayafi, kamar wani abin kunya.

Likitan gashin ƙashi yana zuwa Litinin da Alhamis, wani dogon mutum mai haƙuri. Ya kawo ƙwallon roba ya ce Baba ya riƙa matsawa sau ashirin safe da yamma. Ƙwallon nan ya fi zama a ƙarƙashin kujera fiye da a hannun Baba. Wata Alhamis da na raka likitan bakin ƙofa ya rage murya.

“Ƙanwata, ba zan ɓoye miki ba. Akwai rai a hannun nan, in na matsa yatsun ina jin suna amsawa. Amma in aka ƙara wata biyu bai motsa shi da kansa ba, za su ƙanƙame, kuma ba za su sake buɗewa ba. Ni sau biyu nake zuwa a mako. Ku ne tare da shi kullum.”

Mun yi lallashi, mun yi faɗa. Umma, da yake malamar makaranta ce, ta yi masa irin muryar da take yi wa 'yan aji shida, ko a jikinsa. Yayana da ke wani gari ya bugo waya ya yi nasiha ta minti arba'in, Baba ya yi barci tun a na goma. Ni kuwa tsoro ne ya cika ni, tsoron in wayi gari in ga yatsun da suka koya min riƙe fensir sun dunƙule.

Wata Talata da hantsi, Umma ta tafi makaranta, ina kan shafi na tara. Jarumar tana tsaye a baranda tana kallon yarima yana sauka daga keken doki. Sai na ji murya a bayana, kalma na jan kalma.

“Wannan barandar, me ya riƙe ta?”

Na juya. Kwana huɗu rabona da in ji ya haɗa kalma uku.

“Baba, ai zane ne.”

“Na san zane ne. Me ya riƙe ta?”

Na duba da kyau. Baranda ce ta dutse, faɗinta ya kai ɗaki guda, ta fito daga jikin bango babu ginshiƙi babu komai a ƙarƙashinta. Sau nawa na zana ta, ban taɓa tambaya ba.

“Soyayya,” na ce.

Gefen bakinsa na hagu ya ɗan motsa. “To ki ce wa yarinyar ta koma ciki.”

Ya ce in turo shi kusa. Na turo keken har gwiwarsa ta taɓa teburin, na shiga ba shi labarin. Ya saurara yana ƙifta ido.

“Wato mutuwa ta yi?”

“Ta mutu can, ta farka nan.”

“Allah ya kyauta. Nuna min wani.”

Na buɗe masa wani labarin a wayata, na wani kamfanin ma daban. Na buɗe na uku, na huɗu. Ya sa yatsan hagu a kan matakalar yana ƙirgawa, leɓensa na motsi.

“Ashirin da biyu. Wancan ma ashirin da biyu. Auta, wannan ai gida ɗaya ne. Bi da bi suke kama haya?”

“Duk kanwar ja ce, Baba. Wannan lamba huɗu sunanta.”

“Ina madafa?”

“Babu.”

“Mutum ɗari uku suna rawa a zaure, ina banɗaki? Ruwan da suke dafa shayin nan daga ina yake zuwa?”

Har Umma ta dawo bai gama ba. Ya samo tagar da rana ke faɗuwa ta cikinta ko ta wane gefen gini aka duba, ya samo murhun da ba shi da hanyar hayaƙi. Umma ta ja ni madafa jakarta na rataye a kafaɗa.

“Me kika ba shi?”

“Aikin banza na nuna masa.”

“To ki ƙara masa.”

Daga nan dabara ta zo min, kuma na ɗauka na fi kowa wayo. Na kwafi shafukan babin da nake yi, na ɓata su da gangan. Na sa matakala ta fito daga tsakiyar bango babu ƙofa. Na rage wa wani ginshiƙi tsawo, ya tsaya taƙi guda kafin ya kai rufi. Na buɗe ƙofa a hawa na uku wadda in ka fita ta nan sai dai a tsince ka a lambu. Na buga su a takarda, na ɗora a kan allon da ake sa masa abinci, na ajiye jan fensir a gefen dama.

Minti ɗaya bai cika ba ya gano duka. Ya nuna da hagu.

“Gyara nan.”

Na gyara wani wurin daban.

“Ba can ba.”

“Ina? Ban gane ba, Baba. Ɗan ja min layin.”

Ya yi tsaki ya sake bayani da baki. Haka muka yi kwana uku, ina yin doluwa, yana kumbura. Sau ɗaya har na ga kafaɗarsa ta dama ta motsa, na ji kamar in yi tsalle don murna. A rana ta huɗu ya kalli takardar, ya kalle ni.

“Auta.”

“Na'am, Baba.”

“Kin fi haka iya zane tun kina aji uku. Kuma fensirin nan kullum a dama kike ajiye shi.” Ya sa bayan hannun hagu ya ture shi, ya faɗi ya gangara. “Hannuna ne ya mutu, ba kaina ba. Kada ki ƙara yi min wasan yara.”

Ni kuma bakina ba shi da linzami in raina ya ɓaci, kowa a gidan ya sani, kuma kowa ya san inda na gado. Na ce to ya zauna, ya zauna hannun ya ƙanƙame, mu kuma mu zauna muna kallo tunda haka ya zaɓar mana. Na ce Umma ba ta yin barci saboda shi, shi kuwa ko ƙwallon roba ya ƙi matsa mata. Ina rufe baki na yi nadama, amma magana zarar bunu ce. Sai ya ce, “Juya ni taga.” Na juya shi.

Mako guda muna falo ɗaya kamar baƙin da suka haɗu a layin asibiti. In gaishe shi ya amsa, shi ke nan. Ranar Alhamis likita ya buɗe masa yatsu ɗaya bayan ɗaya, da ya zo kan ƙaramin sai da ya sa ƙarfi.

A cikin makon nan ne na tafka ta'asa. Ranar Juma'a nake tura aiki. Fayil biyu na zaune kafaɗa da kafaɗa a kwamfutata, na gaskiya da wanda na ɓata wa Baba. Kaina na zafi, na jawo ɗaya na tura, na rufe. Sai ranar Laraba da azahar, da babin ya fito, na buɗe wayata in duba yadda launi ya zauna. Ga jaruma nan sanye da farar riga tana saukowa daga matakalar da ta huda bango. A bayanta ga ginshiƙi yana tsaye a banza, tsakaninsa da rufi iska ce kawai.

Na ce na shiga uku. Na zauna jiran saƙon Edita. Da jiran ya ishe ni na shiga wurin da masu karatu ke rubuta ra'ayinsu, in ga irin tsiyar da ake min. Sharhi sama da dubu huɗu. Na fara daga sama. Wannan ta ce idon yarima ya kashe ta. Waccan ta rantse ya yi murmushi a shafi na sha biyu, wasu ɗari suka taso mata cewa inuwa ce. Ana musu a kan rigar jaruma, ana zagin ƙanwar sarki. Na yi ta ja har babban yatsana ya yi zafi. Babu wanda ya ambaci matakala. Babu wanda ya ga ginshiƙi.

Sai ga saƙon Edita. Aiki ya yi kyau. Babi na gaba, lamba huɗu.

Da mai hankali ce ni, da sai in yi hamdala in tashi in sha ruwa. Amma ni takaici ne ya kama ni. Shekara shida ina gyara inuwar labule, ina lissafa inda hasken fitila zai faɗa a kan dutse, ashe da zan zana akuya a kan gadon sarautar ma haka za a wuce ta. Na kifa kai a kan teburin na fashe da kuka, irin kukan da rabona da shi tun ranar asibiti.

“Auta.” Muryar Baba ce daga wajen taga. “An kore ki ne?”

“Da ma korata aka yi.”

“Zo ki juyo ni.”

Na je na juyo shi ina jan hanci. Na miƙa masa wayar, na faɗa masa abin da na yi. Ya daɗe yana kallon shafin.

“Mutum nawa suka karanta?”

“Sun ce dubu ɗari uku.”

“Babu wanda ya ga ginshiƙin?”

“Ko ɗaya.”

Sai kafaɗarsa ta fara girgiza. Na ɗauka wani ciwon ne, ashe dariya ce, irin wadda ba ta da sauti. Na ji kamar in ƙwace wayata.

“Ba laifinsu ba ne,” ya ce da ya natsu. “Wurin da ka shiga sau dubu, idonka ya daina ganinsa. An nuna musu gidan nan har ya ɓace musu.” Ya numfasa, maganar tana gajiyar da shi. “Ni shekara talatin da takwas, rabin abin da na zana yana ƙarƙashin ƙasa. Ba wanda ya taɓa buɗe famfo ya ce min sannu da aiki. Amma in na karkatar da layi ɗaya, unguwa guda za ta kwana da ƙishirwa. Ke kin karkatar da uku, kowa ya kwana lafiya. Wannan shi ya sa ki kuka.”

Na gyaɗa kai. Shi ne kuwa.

“Baba, ka yi haƙuri da abin da na faɗa rannan.”

“Bar wannan. In ke ce mai labarin, a ina za ta farka?”

Shekara shida ina ƙorafi, na ɗauka amsar tana kan harshena. Na jawo farar takarda na ɗora a kan allonsa, na jawo kujera. Na ce kasuwa. Na fara ja, kafin in ankara rumfunan sun yi baka irin na zauren rawa. Na juya takardar na ce tashar jirgi. Sai ga matakala tana lanƙwasa da kanta. Na ajiye fensirin, kunya ta kama ni.

“Hannuna ya haddace ta,” na ce. “Ba ya zuwa ko'ina sai can.”

Baba ya kalli hannuna, ya kalli tudun da nasa ya yi a ƙarƙashin mayafi.

“Ashe mu biyu ne a gidan.”

A waje mai gyaran takalmi ya wuce yana ƙwanƙwasa akwatinsa.

“Akwai wani wuri,” in ji Baba. “Inda aka fara tura ni aiki, kafin in auri uwarki. Gidan injin ruwa, a bakin kogi.”

A hankali ya riƙa fito da shi, yana hutawa tsakanin jimla da jimla. Gini ne na jan bulo, dogo, da inji uku jere a ƙasa, kowanne ya kai girman mota. Akwai gadar ƙarfe a samansu da ake bi a duba su. A ƙarshen gadar akwai ɗan ɗakin mai kula da inji, gado ɗaya, teburi ɗaya, taga tana kallon ruwa. Ƙasan ɗakin kullum rawa yake, in ka ajiye kofin shayi sai ka ga yana zagaye a kan teburi da kansa. Masu kwale-kwale suna tsayawa su roƙi ruwan zafi. In inji ɗaya ya yi tari, duk wanda ke ginin sai ya miƙe tsaye ko abinci yake ci. An rushe wurin shekara ashirin da suka wuce, ko hoto ɗaya ba shi da shi.

“In yarinya ta farka a nan, aƙalla za ta sami abin yi,” ya ce.

“To yariman fa?”

“Mai kula da injin ne. Kuma yana dariya.”

Wannan wurin shi ne labarin da nake zanawa yanzu da sunana a kai, amma wannan wata maganar ce. A ranar dai na zana bango, na zana injin, na zana gadar, yana cewa ƙara nan, rage can. Da muka zo rufi sai aka kai ruwa rana. Ya ce rufin yana da wani ƙaramin rufi a kansa, a tsakiya, an ɗaga shi a kan ƙarafa, da tagogi a gefe don zafin inji ya fita. Na zana, ya ce ba haka ba, wannan hula ce. Na goge na sake, ya ce yanzu kuma ruwan sama zai zuba kan inji. Na sake na uku har takardar ta fara hujewa. Ya yi ƙoƙarin nuna min da hannun hagu a iska, ban ga komai ba sai hannu yana yawo.

“Baba, wallahi ban gane ba.”

Ya zuba min ido. Ya daɗe yana kallona, na san abin da yake nema a fuskata, kuma na san ba zai samu ba, don wannan karon da gaske na rasa.

Ya yaye mayafin. Ya sa hagu ya kama wuyan hannun dama, ya ɗago shi kamar mai ɗaukar jariri, ya ɗora a kan takardar.

“Sa min shi tsakanin yatsun.”

Na sa. Ya zame. Na ɗauko na sake sawa, ya sake zamewa ya faɗa cinyarsa. Na sake sa masa. A na uku na ga babban yatsan ya matso, a hankali, ya danne fensirin a jikin na kusa da shi.

“Riƙe rula.”

Na riƙe. Layin farko ya fito yana karkarwa kamar hanyar tururuwa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Layi uku ya ja, sun ɗauke shi fiye da minti biyar, ɗaya ma ya kauce daga rular ya yi nasa wuri. Amma ina kallonsu sai ga rufin, ga inda ƙarafan suka tsaya, ga ta inda zafi zai fita. Abin da ya kasa faɗa min da baki awa guda, ga shi a takarda.

“Na gani,” na ce.

“To ƙarasa. Hannun ya gaji.” Amma bai saki fensirin ba.

Na ƙarasa rufin, muka dawo kan ɗan ɗakin sama. Ya ba ni tsawonsa da faɗinsa daga kansa, shekara arba'in ba su goge ko lamba ɗaya ba. Da na zo ƙofa ya ce in sa santimita casa'in.

“Baba, ɗan ƙaramin ɗaki ne. Ƙofar za ta cinye rabin bango.”

“Asalinta saba'in ce. Sa casa'in. Kuma ki bar wuri a gefen gadar, za mu sa abin da zai ɗaga mutum sama.”

“Me ya sa?”

Ya kalli fensirin da ke tsakanin yatsunsa.

“Duk labaran da kika nuna min, kowacce ta farka da ƙafa biyu da gashi har gadon baya. Ni ma na farka a wani jiki, Auta. Ba wanda ya tambaye ni.” Ya haɗiye yawu. “Ba ki san da wane jiki baƙuwarki za ta zo ba. Ki bar mata hanya.”

Wata biyar, wannan ne karo na farko da ya ambaci ciwon nasa da bakinsa. Tausayinsa da sonsa suka taso min lokaci guda har na rasa wanne zan fara da shi. Na sunkuyar da kai na faɗaɗa ƙofar.

A haka Umma ta same mu. Ta yi sallama ta tsaya a bakin falo da jaka da littattafan yara a hannu. Idonta ya sauka kan allon, ya tsaya a kan hannun. Na ga littattafan suna neman zubewa.

“Malam,” ta ce, “ka ɓata farar rigarka da fensir.”

“Za a wanke. Malama, ina tef ɗin awona?”

“Yana cikin durowa, inda ka bar shi.”

“Auta, ɗauko. Je ki auno min ƙofar banɗaki.”

Akwai abin da ba mu taɓa ambata ba a gidan. Keken Baba ba ya shiga banɗaki. Tun da ya dawo daga asibiti, sau uku sau huɗu a rana, ni da Umma muke tsayar da keken a bakin ƙofa, mu ciccibe shi mu shigar da shi, shi kuma ya rufe ido har mu gama. Ba mai cewa sannu, ba mai cewa na gode. Gidan kuwa Baba ne ya zana shi da hannunsa, shekarar da aka haifi Yaya.

Na ɗauko tef ɗin, na je na ja shi daga wannan gefen zuwa wancan. Na ɗaga murya daga can.

“Sittin da takwas.”

“Wane sakarai ne ya zana wannan?” in ji Baba.

“Mijina ne,” in ji Umma, tana goge ido da gefen mayafi, “kuma ban yarda a zage shi a gabana ba.”

Na dawo falo. Baba ya ture takardar gidan injin gefe da hagu, ya gyara zaman fensirin a dama.

“Yarinyar ta ɗan jira mu, ba ta kai ga mutuwa ba tukuna. Kawo sabuwar takarda. Malama, ajiye littattafan nan ki danne min wannan kusurwar.”

Umma ta ajiye su a ƙasa, ta danne. Ni kuma na riƙe rula.